Shin Kyamara da Kwamfuta Za Su Iya Mayar wa Zanen Bangon Rumawa Launinsa na Asali?

Tambayar ta zo ne daga wani mai sana'ar ɗaukar hoto wanda ya samu damar zuwa Italiya, ya ziyarci kufan Pompei, tsohon birnin Rumawa da aman wutar dutse ya binne, da gidan tarihi na Napoli. Ya ce hotunan da ya ɗauko na zanen bango da na daɓen ƙananan duwatsu sun fito a koɗe kamar an barbaɗa musu toka, sai ya zauna a kan manhajar gyaran hoto ta Photoshop ya ƙara musu kaifin launi har suka yi kyan gani. Yana so ya san ko abin da ya samu shi ne abin da Rumawa suka gani kusan shekara 2,000 da suka wuce, in kuma ba shi ba ne, yaya masu aikin adana kayan tarihi suke yi.

Malam, ban yi shakkar cewa hotunan naka sun ƙara kyau ba, amma ƙara kaifin launi daban, mayar da launi daban. Abin da ka yi shi ne ka ɗauki launin da bangon yake da shi a ranar da ka tsaya gabansa ka ƙara masa ƙarfi, alhali a wurare da yawa launin yau ba shi ne na jiya da ya dushe ba, wani launi ne dabam da ya maye gurbinsa. Mu masu aikin adana kayan tarihi, kafin mu taɓa hoto a kwamfuta mukan fara tambayar kanmu abin da ya sami launin wurin: ko yana nan amma wani abu ya rufe shi, ko sinadarinsa ya rikiɗe, ko kuma ya zube gaba ɗaya babu sauransa. Na farko ana iya dawo da shi, na biyu ana iya gano shi da hujja, na uku kuwa sai dai hasashe, kuma rabin aikinmu shi ne hana waɗannan ukun cakuɗewa a cikin hoto guda.

Sai ka san yadda aka yi zanen kafin ka fahimci yadda ya lalace. Vitruvius, wani magini Barume da ya rubuta littafi a kan gini a zamanin Sarki Augustus, ya ce bango mai kyau yana bukatar shafe uku na farar ƙasa da yashi, sannan wasu uku na farar ƙasa da garin dutsen mabul, ko da yake yawancin gidajen Pompei ba su kai wannan adadi ba. Mai zane yakan shafa garin launin da aka dama da ruwa tun shafen ƙarshe yana ɗanye, sai farar ƙasar ta sha iska ta daskare ta kulle launin a cikin jikinta, a kuma goge bangon har ya yi sheƙi. Wannan ne ya sa launin shimfiɗar bangon ya jure. To amma ƙananan abubuwa da yawa, irin su ganyaye da adon tufafi da hasken ido, an ɗora su ne a saman shimfiɗar daga baya, kuma su ne suka fara ɓarewa. Idan ka ga mutum a bangon Pompei kamar inuwa, sau da yawa abin da kake kallo ragowar ƙasan zanen ne, samansa ya tafi, kuma babu maɓallin da za ka ja a Photoshop ya dawo da abin da babu shi.

Jan launi shi ne ya fi yaudarar masu hoto, don haka bari in daɗe a kansa. Rumawa suna da ja iri biyu da suka fi amfani da su. Akwai jar ƙasa mai araha, wadda ƙarfe ne ke ba ta launi, akwai kuma sinaba, wato ma'adinin zaiba da farar wuta, wanda ake kawowa daga Sifen, mai tsadar da Pliny, wani marubuci Barume, ya rubuta cewa hukuma ta ƙayyade farashinsa a kan sastas 70 na kuɗin Rumawa kowace laba. Sinaba tana da aibi guda da Rumawa da kansu suka sani: tana baƙi idan rana ta dake ta. Vitruvius ya ba da labarin wani magatakarda mai suna Faberius da ya sa aka shafe bangon tsakar gidansa da ita a birnin Rum, cikin kwana 30 bangon ya ɓaci, har sai da aka sake shafa wasu launuka. Maganin da ya bayar shi ne a shafe bangon da kakin zuma da ɗan mai, a gasa shi da garwashi, a murza da ƙyalle. A 2006 Marine Cotte da abokan aikinta sun bincika ɓarɓashin bangon wani gida da ake kira Villa Sora, kusa da Vesuvius, dutsen nan mai aman wuta, a cibiyar bincike da ke Grenoble ta Faransa, suka gano cewa sinadarin kulorin yana da hannu a wannan baƙin. Ma'anar wannan ga mai hoto ita ce, akwai wuraren da kyamara za ta nuna maka baƙi ko ruwan toka, alhali asalinsu ja ne jawur, kuma ƙara kaifi ba zai ƙara musu komai ba sai duhu.

Akasin haka ma ya faru, kuma shi ya fi ban mamaki. Ƙasa mai ruwan ɗorawa, idan zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salsiyas, ruwan da ke cikin sinadarinta yakan fita ta koma ja, kamar dai yadda tukunyar yumɓu ke sauya launi bayan an gasa ta. Lokacin da Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya, iska mai tsananin zafi ta ratsa gidaje, musamman a garin Herkulaniyum da ke kusa da Pompei, ta gasa bangaye. A gidan da ake kira Casa del Bicentenario, wanda aka tono a 1938, inda Cibiyar Getty ta Amurka mai adana kayan tarihi ta yi aikin gyara, an tabbatar da wuraren da rawaya ta koma ja ta wannan hanya, kuma a wasu gidajen garin za ka ga fili guda na bango ya fara da rawaya a gefe ɗaya ya ƙare da ja a ɗaya gefen ba tare da wani layi ya raba su ba. A 2011 Sergio Omarini na cibiyar nazarin haske ta ƙasar Italiya ya bayyana sakamakon binciken da ya nuna cewa kaso mai yawa na bangayen da ake gani ja a yau rawaya ne tun asali. To ka ga wanda ya ƙara wa irin wannan bango ja a kwamfuta bai kusantar da mu zuwa ga Rumawa ba, aikin dutsen mai aman wuta ya ƙarasa masa.

Akwai kuma abin da masu gyara na baya suka ƙara. A Villa dei Misteri, gidan da ke bayan ganuwar Pompei wanda aka fara tonowa a 1909, an daɗe ana shafa wa shahararren ɗakin nan mai jan bango kaki da fetur don a kare shi a kuma fito da launinsa. Kakin ya yi aikinsa na kariya, amma ya tsufa ya kama ƙura ya yi duhu, har sai da aka yi gyaran 2013 zuwa 2015, inda aka yi amfani da hasken leza wajen tsaftacewa. Duk wanda ya kwatanta hotunan ɗakin na kafin gyaran da na bayansa zai ga launi biyu, kuma duka biyun kyamara gaskiya ta faɗa game da ranarta.

Yanzu ga yadda ake ɗaukar hoton da za a iya dogara da shi. Mukan kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, daidai da fuskar bangon ba a karkace ba, mu toshe hasken rana gwargwadon iko ko mu yi aikin da dare, domin hasken da ke shigowa ta ƙofa yana sauyawa daga safe zuwa yamma, yana kuma ɗauko launin duk abin da ya daka kafin ya iso. Fitilu biyu ake sawa, dama da hagu, kowace tana haska bangon a karkace da kusan digiri 45. Saboda bangon Rumawa yana sheƙi, kuma gishirin da danshi ke fitarwa yana watsa haske, sai a sa matacin haske mai kashe ƙyalli a gaban fitilun, a sa wani a bakin kyamarar, a juya shi har su gitta juna. Da zarar ƙyallin ya mutu za ka ga launi ya yi zurfi da kansa, kuma wannan zurfin na gaskiya ne, domin yana nan a bangon, ƙyalli ne ya rufe shi. Babban ɓangare na tokar da ka gani a hotunanka daga nan ta fito.

Sannan a hoton farko na kowane zama ana riƙe allon gwajin launi a jikin bangon, irin ColorChecker mai murabba'i 24 da aka fara fitarwa a 1976, wanda an riga an auna kowane launi da ke kansa. Ana ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ba JPEG ba, domin JPEG hoto ne da kyamara ta riga ta dafa da ɗanɗanon kamfanin da ya ƙera ta, wayoyin zamani kuwa sun fi kowa zuba gishiri. A kwamfuta sai a daidaita hoton har launukan allon su dace da ma'auninsu na ainihi, a ɗora wannan daidaitawar a kan sauran hotunan, a adana a tsarin TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto. Wannan shi ne hoton shaida, kuma daga ranar ba a sake taɓa shi. Duk wani gyara a kan kwafi ake yi. Na san galibin gidajen tarihi ba sa barin baƙo ya kafa mazauni ko ya kunna filasha sai da izini, amma ko ɗan kati mai ruwan toka ka riƙe a cikin hasken wurin ka ɗauka a RAW, ka rage rabin matsalar.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne ɗaukar hoton launin da ido ba ya gani. Rumawa suna da wani shuɗi da ake kira shuɗin Masar, wanda ba haƙo shi ake yi ba, haɗa shi ake yi: yashi da garin tagulla da kanwa, tare da sinadarin farar ƙasa, a cura a gasa a wuta. Vitruvius ya ce a birnin Iskandariya na Masar aka fara yin sa, daga baya wani mai suna Vestorius ya kafa masana'antarsa a Puteoli, kusa da Napoli. Wannan shuɗi yana da wata ɗabi'a: idan aka haska shi da haske na yau da kullum, yakan mayar da wani haske na infirared mai tsawon zango wajen nanomita 910, wanda ya wuce iyakar ganin ɗan Adam. Giovanni Verri ya bayyana hanyar amfani da wannan a 2009 lokacin yana aiki a gidan tarihi na Birtaniya. Ana cire matacin da ke hana infirared shiga cikin kyamara, a sa wani da ke tare hasken da ido ke gani, a haska bangon a cikin duhu da fitilar da ba ta fitar da infirared. Sai hoton ya fito baƙi ƙirin, amma duk inda akwai ko ƙwaya ɗaya ta shuɗin Masar ya yi fari fat kamar tauraro. Da wannan ake gano sararin samaniya a inda yau babu komai sai farin shafe, ake kuma gano cewa masu zanen suna cakuɗa shuɗin a cikin kore da fari har da launin fatar mutum. Hasken altirabayolet, wanda shi ma ido ba ya gani, yana tona asirin kaki da facin masu gyara, yana kuma sa wani launi mai ruwan hoda da ake samu daga saiwar tsiro ya yi walƙiya. Ƙaramar na'urar eksire ta hannu kuwa tana faɗin ƙarfen da ke wurin, ta haka ake rarrabe sinaba mai zaiba da jar ƙasa, sai dai ba ta iya raba jar ƙasa ta asali da rawayar da wuta ta gasa, tunda duka biyun ƙarfe ɗaya ne, sai an haɗa da wasu gwaje-gwaje da kuma duban yadda launin ya bi bangon.

A nan ma tsugune ba ta ƙare ba. Sanin cewa akwai shuɗin Masar a wuri bai gaya maka kaurinsa ko abin da aka haɗa shi da shi ba, kuma garinsa idan an niƙa shi sosai yakan yi haske, idan an bar shi da tsakuwa ya yi duhu. Saboda haka mukan nemi gurbin da ya tsira a bangon nan ɗin, misali inda wani abu ya daɗe yana kare shi, mu auna launinsa da na'ura, mu kuma kwatanta da zanen zamani ɗaya da ya fi samun kariya, irin ɗakin lambu na gidan Livia matar Augustus, wanda aka gano a Prima Porta a 1863, yanzu yana gidan tarihi na Palazzo Massimo a Rum da tsuntsayensa da itatuwan rummansa. Wasu har sukan dama garin launin su shafa a kan sabon shafe don su ga yadda yake fitowa idan ya bushe. Zane-zanen da aka yi a ƙarni na 19, kamar kundin 'yan gidan Niccolini da aka yi ta bugawa daga 1854 zuwa 1896, suna da amfani ƙwarai ga bangayen da ruwan sama ko bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu a 1943 suka lalata, amma launinsu na tawadar maɗaba'a ne da idon mai zanen, don haka siffa muke ɗauka a wurinsu fiye da launi.

Daɓen duwatsu, wanda ake kira mozayik, ya fi sauƙin sha'ani. Ka ɗauke shi kamar daɓen fasassun tayil da magina ke yi a tsakar gida, sai dai gutsattsarin ƙanana ne ƙwarai kuma an jera su su ba da hoto. Launin dutse yana cikin jikinsa ne, ba a fatarsa ba, shi ya sa abin da ke dusashe shi yawanci ƙura ce da ɓawon farar ƙasa da karce. Tsohuwar dabarar masu tono ita ce su fesa masa ruwa kafin su ɗauki hoto, kuma launin yakan fito nan take, kamar yadda tufa ta fi duhu lokacin da aka tsamo ta daga karofi kafin ta bushe. Ban ba ka shawarar ka gwada ba, domin ruwa yana motsa gishirin da ke ƙarƙashin daɓen, garin neman gira a rasa ido. Matacin kashe ƙyalli yana ba da kusan sakamako ɗaya ba tare da an jiƙa komai ba. Wahalar mozayik ita ce girma. Gidan Villa del Casale da ke tsibirin Sisili yana da daɓe mai faɗin murabba'in mita kusan 3,500, da wani lungu na hoton farauta mai tsawon kusan mita 60, don haka ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, manhaja ta haɗa su ta fitar da hoto guda miƙaƙƙe kamar an kalle shi daga sama. Inda aka yi amfani da gutsattsarin gilashi, kamar hoton Neptune, abin bautar teku na Rumawa, da matarsa Amphitrite a bangon wani gida a Herkulaniyum, sai a yi hattara, domin gilashi yakan ruɓe a ƙasa, fatarsa ta yi fari ko ta riƙa walƙiyar bakan gizo wadda ba ta cikin asalinsa.

Tunda ka je Napoli, wataƙila ka ji labarin mozayik ɗin yaƙin Iskandar Mai Girma da Dariyus Sarkin Farisa, wanda aka tono a Pompei a 1831, mai tsawon kusan mita 5.8 da faɗin mita 3.1, da gutsattsari fiye da miliyan ɗaya, wanda aka fara yi masa babban gyara a 2021. Shi ne misalin da nake ba ɗalibai a kan haɗarin ƙara kaifi. An gina hoton ne a kan launi huɗu da abin da ke tsakaninsu, wato fari da rawaya da ja da baƙi, saboda haka rashin shuɗi da kore masu ƙarfi a cikinsa zaɓin masu aikin ne, ba tsufa ba ne. Ɓangaren hagu kuma, wajen jikin Iskandar da dokinsa, ya ɓace da yawa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su cike maka wannan gurbin cikin daƙiƙa kaɗan, da ƙafafun doki da garkuwoyi masu kyan gaske, amma duk shaci-faɗi ne da aka ɗinka daga wasu hotuna, kuma kyansa shi ne haɗarinsa, domin mai kallo ba zai san inda hannun Barume ya tsaya ba.

Masu gyaran zane sun daɗe da yin dokoki a kan wannan tun kafin kwamfuta ta shigo. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ce gyara ya tsaya a inda hasashe ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Cesare Brandi, wanda ya jagoranci cibiyar gyaran kayan tarihi ta Rum da aka kafa a 1939, shi da mutanensa suka fito da dabarar cike gurbi da siraran layuka a tsaye, waɗanda daga nesa sukan haɗu da zanen, daga kusa kuma kowa ya gane faci ne. Yarjejeniyar Landan ta 2009 ta kawo wannan tunani cikin aikin kwamfuta, ta bukaci a rubuta dalilin kowane zaɓi da aka yi. A aikace, mukan ɗora gyare-gyaren ne shimfiɗa-shimfiɗa a kan kwafin hoton shaida: ɗaya ta cire dattin da aka tabbatar, ɗaya ta mayar da launin da gwaji ya nuna ya rikiɗe, ɗaya ta cike gurbin adon da ke maimaita kansa, wanda ana iya kwafo shi daga gefensa, ta ƙarshe kuma ta hasashe zalla. Kowace ana iya kashe ta a ga abin da ke ƙasa, kuma idan za a wallafa, hoton shaida yana fitowa kusa da wanda aka gyara tare da taswirar da ke nuna wane wuri ne wane.

Ko an yi duk wannan daidai, saura batun haske, wanda shi ne ya fi kusa da ainihin tambayarka. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, bango kuwa mayar da haske yake yi, kuma ɗakunan Rumawa da yawa ba su da manyan tagogi, cin abincin dare kuma a gaban fitilar man zaitun ake yin sa. A 2024 an bayyana wani ɗakin liyafa da aka tono a Pompei mai baƙaƙen bangaye da hotunan mutanen labarin yaƙin Troy, kuma daraktan wurin, Gabriel Zuchtriegel, ya yi bayanin cewa an zaɓi baƙin ne don kada hayaƙin fitilu ya nuna, abin da ya dace da shawarar Vitruvius game da ɗakunan cin abinci na lokacin sanyi. A irin wannan haske mai ja-ja da ke kaɗawa, ja da rawaya sukan yi ɗumi, shuɗi ya ja baya, goggen bangon kuma ya riƙa mayar da harshen fitilar. Shi ya sa masu aikin da suka ƙware sukan gina ɗakin gaba ɗaya a kwamfuta da ƙofofinsa da rufinsa, su fitar da shi sau biyu, da hasken rana da hasken fitila. Game da hotunan da ka riga ka gyara kuwa, ka ajiye na asalin yadda suka fito daga kyamara, ka rage kaifin da ka ƙara wa jajayen bangaye, musamman idan akwai waɗanda aka ɗauko daga Herkulaniyum, kuma idan za ka nuna su ga jama'a ka rubuta a ƙasansu cewa an ƙara musu launi a kwamfuta, tare da ranar da ka ɗauke su.